Wane aikin kemistiri zan zaɓa a kan abubuwan da ke zaburar da tsiro?

Tambaya: Wata ɗaliba 'yar aji biyu a babbar sakandare ta ce malaminsu na kemistiri ya umarci kowa ya kawo aikin bincike don baje kolin kimiyya, kuma saura mako shida. Tana son yin nata a kan abubuwan da ke sa tsiro saurin girma. Shirinta shi ne ta shuka wake a tukwane biyar, ta riƙa zuba wa ɗaya shayi, ɗaya lemun kwalba, ɗaya madara, ɗaya ruwan zogale, ɗaya ruwa zalla. Tana tambaya ko hakan ya yi, ko akwai abin da ya fi.

Amsa: 'Yata, batun da kika ɗauko yana da kyau ƙwarai, kuma ana iya gama shi cikin mako shida ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba. Amma tsarin tukwane biyar ɗin nan ki ajiye shi. Lemun kwalba kaɗai yana ɗauke da sukari, da asid, da iskar gas, da kala, da sinadarin hana lalacewa. Idan wakenki ya mutu, wanne daga ciki ya kashe shi? Ba ki da hanyar sani. Madara za ta yi tsami a cikin ƙasa, ta jawo fumfuna da tururuwa. Shayi da kofi da goro kuwa, abin da ke wartsakar da mutum a cikinsu kafeyin ne, kuma tsiro ba shi da ƙwaƙwalwar da kafeyin zai taɓa. Abin da aka fi gani ma shi ne yana jinkirta fitowar iri, yana takure saiwa. Sannan tukunya ɗaya ga kowane ruwa ba ta tabbatar da komai, domin ko ruwa zalla kika ba wake biyar, ba za su yi tsawo ɗaya ba. Uwa-uba, alƙalin da ya san kemistiri tambayarsa ta farko ita ce: "Nawa ne ƙarfin abin da kika zuba?" Aikin da ba ya iya amsa wannan da lamba aikin lambu ne, bai shiga kemistiri ba tukuna.

Ki fara raba taki da abin da ke zaburar da tsiro, domin mutane da yawa suna haɗa su. Yuriya da NPK abinci ne, da su tsiro yake gina jikinsa, shi ya sa manomi yake zuba su buhu-buhu. Masu zaburarwa kuwa saƙo suke kaiwa: iri ya farka, kara ya miƙe, reshe ya fitar da saiwa, ɗanyen mangwaro ya nuna. Tsiro da kansa yana ƙera su kaɗan-kaɗan, kuma da miligiram a lita ake auna su. Manyansu su ne oksin, da jibarelin, da saitokainin, da iskar etilin, sai asid ɗin salisilik wanda ke shirya tsiro ya jure cuta da wahala. Halin da suka yi tarayya a kai shi ne kaɗan yana amfani, da yawa yana cutarwa. Maganin ciyawar nan 2,4-D da ake fesawa a gonar shinkafa oksin ne na masana'anta, kuma yana kashe ciyawa mai faɗin ganye ne ta hanyar tilasta mata girma ba tsari har ta murɗe ta mutu. Saboda haka tambayar da za ki gina aikinki a kai ita ce: a wane ƙarfi sinadari kaza yake taimako, kuma daga ina yake fara ɓarna? Sinadari ɗaya, iri ɗaya, ƙarfi daban-daban.

Wanda na fi ba ki shawara ki ɗauka shi ne asfirin da irin wake a cikin ruwan gishiri. Asfirin ɗan'uwan salisilik ne na jini ɗaya, ana samunsa a kowane kemis, an rubuta nauyin maganin da ke cikin kowace ƙwaya, kuma duk lissafin da zai buƙata yana cikin darasinki: mol, sirkawa, pH, da rabuwar esta a cikin ruwa. A 1979 wani mai bincike a Ingila, R. F. White, ya yi wa ganyen taba allurar ruwan asfirin, ya ga ganyen ya ƙara jure wata cutar bairos da ke yi wa taba dabbare-dabbare. Daga baya aka yi ta gwada jiƙa iri a cikin salisilik kafin shuka. Abin da ya fi fitowa a irin waɗannan gwaje-gwaje shi ne amfaninsa ya fi bayyana idan tsiron yana cikin matsi, kamar gishiri ko ƙarancin ruwa ko zafi. Irin da ke zaune lafiya cikin ruwa mai kyau sau da yawa ba ya nuna wani bambanci. Dalilin sa gishiri ke nan. Gishiri yana hana iri shan ruwa yadda yake so, kuma sodiyam ɗin da ya shiga jikinsa yana dagula masa aiki.

Ga yadda ake haɗa ruwan. Nauyin mol ɗaya na asfirin giram 180.16 ne. Ƙwaya uku masu miligiram 300 sun ba ki miligiram 900, kuma 900 a raba da 180.16 ya ba da milimol 5 daidai gwargwado. Idan kika narkar da su a lita ɗaya, kin samu uwar haɗi mai ƙarfin milimol 5 a lita, wato 5 mM. Ki nemi farar ƙwaya ta gama-gari. Kada ki ɗauki mai rufi a jiki wadda aka yi don kada ta narke a ciki da wuri, kada kuma ki ɗauki mai kumfa idan an jefa ta a ruwa, domin an haɗa mata wasu sinadarai da za su shiga gwajinki ba da saninki ba. Ki niƙa su lukui, ki zuba a ruwa mililita 800 mai ɗumin digiri 35 zuwa 40, ki yi ta juyawa. Asfirin ba ya saurin narkewa, ki ba shi minti goma sha biyar ko fiye. Ruwan zafi kuma zai fara farfasa shi, don haka kada ki tafasa. Farin garin da ya ƙi narkewa yawanci sitaci ne da aka ɗaure ƙwayar da shi, sai ki tace shi da takardar tacewa.

Nan ne wurin da aikin ɗalibai da yawa yake lalacewa ba su sani ba. Wannan ruwan pH ɗinsa wajen 3 ne, tsami sosai. Idan kika jiƙa iri a haka kuma ya takure, ba za ki iya cewa asfirin ne ya yi ba, wataƙila tsamin ne. Ki riƙa ɗiga ruwan NaOH mai ƙarfin mol 0.1 a lita, kina juyawa kina duba takardar pH, har ya kai wajen 6. Zai ci kusan mililita 50. Kada ki bari ya haura 7, domin a ruwa mai alkali asfirin yana saurin rabuwa. Bayan nan ne za ki cika kwalbar da ruwa zuwa layin lita ɗaya. Daga uwar haɗin, ki ja da sirinji ko silinda mai awo: mililita 2 a cika zuwa 100 ya ba da 0.1 mM, mililita 10 ya ba da 0.5 mM, mililita 20 ya ba da 1 mM, uwar haɗin da kanta 5 mM, sai ruwa zalla a matsayin sifili. Matakai biyar ke nan. Na sifilin shi ne rukunin kwatance, kuma shi ne mafi muhimmanci a duka aikin, domin da shi ake auna sauran. Ki haɗa ki yi amfani da shi a rana ɗaya.

Ruwan da ya fi dacewa shi ne tataccen ruwan tururi na ɗakin gwaje-gwaje. Idan za ki aika a sayo miki a kasuwa, ki yi hattara da cewa "ruwan batir", domin abin da za a miƙo na iya zama asid mai ƙona fata. In babu tataccen, ki zaɓi ruwan sha guda ɗaya mai tsabta, ki yi duka aikin da shi daga farko har ƙarshe, ki rubuta wanne ne. Ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da gishirin ƙasa da ba ki san yawansa ba.

Iri kuma ya zama nau'i ɗaya daga hannu ɗaya. Waken kasuwa sau da yawa gauraye ne, wani ya kwana biyu a ajiye, wani an sa masa maganin ƙwari. Idan za ki samu ingantaccen iri mai suna, kamar jerin SAMPEA da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Jami'ar Ahmadu Bello take fitarwa, ya fi, domin za ki iya rubuta sunan nau'in a rahotonki. Ki guji wanda aka shafa wa jan magani, ki tsince wanda ƙwaro ya huda da fasasshe da yamutsattse, ki bar masu girma kusan ɗaya. A kowane babban gwaji kina buƙatar ƙwaya 400, waɗanda ba su wuce giram 100 ba. Kafin jiƙawa ki kashe fumfunar da ke jikinsu da bilic mai ƙarfin kashi 1 cikin 100. Ki duba jikin robar: in an rubuta kashi 3.5, ki haɗa awo biyu na bilic da awo biyar na ruwa. Minti biyu zuwa uku ya isa, sannan ki ɗauraye sau huɗu. Wanda ya tsallake wannan mataki yakan buɗe robobinsa a rana ta huɗu ya tarar da farin gashi ya rufe komai.

Kafin babban gwaji ki ba da mako ɗaya ga ɗan gwajin share fage, kada ki ga kamar ɓata lokaci ne. Ki shuka wake goma-goma a ruwa zalla da ruwan gishiri mai ƙarfin 50, 100 da 150 mM, wato giram 2.92, 5.84 da 8.77 na NaCl a lita. Idan ƙasa da takwas cikin goma suka fito a ruwa zalla, irin ba shi da kyau, ki canja. A cikin matakan gishirin kuma ki zaɓi wanda ya rage tsawon saiwa da kusan rabi. Wanda ya yi rauni ba zai matsa wa tsiron ba, wanda ya yi yawa kuma zai kashe komai, babu abin da asfirin zai ceto. Gishirin ɗakin gwaje-gwaje ya fi na girki, tun da na girki a Najeriya ana sa masa aidin.

A babban gwajin, ki raba waken gida biyar, tamanin-tamanin, ki jiƙa kowane gida a mililita 100 na matakinsa na tsawon awa shida. Wake ba ya son doguwar jiƙa, idan ya kwana a ruwa yana kumbura ya tsage ya fara ruɓewa. Ki tsame, ki tsane a kan takarda a inuwa na awa ɗaya. Ki tanadi robar abinci mai murfi guda 40 iri ɗaya, ki shimfiɗa wa kowace takarda mai shan ruwa ninki uku, fara marar turare. Kowane mataki yana da roba takwas: huɗu a jiƙa takardarsu da ruwa zalla, huɗu da ruwan gishiri, mililita 20 kowace ko gwargwadon abin da gwajin farko ya nuna miki, wake goma a kowace. Takardar ta jiƙe amma kada ruwa ya kwanta, domin iri yana numfashi, kuma idan ya nutse zai shaƙe. Ki huda murfin ƙananan ƙofofi biyu ko uku.

Wani abu da ake yawan mantawa, musamman lokacin hunturu da iska ke bushe komai: ruwa ne kaɗai yake tashi daga robar, gishirin yana nan. Idan kullum kina ƙara ruwan gishiri, 100 mM ɗinki zai zama 200 kafin mako ya zagayo. Ki auna nauyin kowace roba a ranar farko, ki rubuta a jikinta, kullum ki ɗora ta a sikeli ki mayar da abin da ya ragu da ruwa zalla. Ki ajiye su duka a wuri ɗaya da rana ba ta bugawa, cikin kabad ko ƙarƙashin tebur, ki cakuɗa jerinsu, kuma kullum ki sauya musu wuri don kada rukuni ɗaya ya zauna kusa da taga shi kaɗai. Ki ajiye ma'aunin zafi a gefe kina rubutawa safe da yamma. In da hali, ki sa wata ƙawarki ta liƙa wa robobin lambobi ta riƙe takardar bayanin, ke kuma ki yi awo ba ki san wace ce wace ba. Ido yana karkata ga abin da zuciya take so, ko da mutum bai yi niyya ba.

Kullum a lokaci ɗaya ki ƙirga waɗanda suka fito, kuma ki tsayar da ma'anar fitowa tun farko: saiwa ta leƙo da tsawon milimita 2. A rana ta bakwai ki auna tsawon saiwa da na kara. Saiwa tana lanƙwasa, sai ki bi ta da zare ki ɗora zaren a kan rula. Saiwar ce ta fi saurin nuna tasirin gishiri, saboda haka ita ce babban awonki. Ki kuma fitar da matsakaicin lokacin fitowa: misali in huɗu sun fito a rana ta 2, huɗu a ta 3, ɗaya a ta 4, sai ki haɗa 8 da 12 da 4 ya ba da 24, ki raba da 9, ya ba da kwana 2.7. In makarantarku tana da tanda ta ɗakin gwaje-gwaje, ki cire ɓarin waken, ki busar da tsiron kowace roba a digiri 70 na awa 48, ki auna busasshen nauyi. Ɗanyen nauyi yawancinsa ruwa ne, yana yaudara. A lissafi, kowace roba ita ce awo ɗaya, ba kowane wake ba. Ki fitar da matsakaicin roba huɗun, ki nuna tazarar da ke tsakaninsu a jikin zanen. Idan tazarar rukuni biyu ta shiga juna sosai, ba ki da ikon cewa ɗaya ya fi ɗaya.

Zuwa nan aikin ya tsaya da ƙafarsa. Abin da zai ɗaga shi ya zama na kemistiri sosai shi ne ki tambayi me ya faru da asfirin ɗin kansa. Asfirin esta ce. A cikin ruwa yana rabuwa sannu a hankali ya koma salisilik da asid ɗin asetik, shi ya sa tsohuwar kwalbar asfirin take warin binega. Salisilik yana da rukunin finol a buɗe, na asfirin kuma a rufe yake. Ruwan FeCl3 yana ba da launin shunayya da salisilik, amma ba ya ba da shi da tsantsar asfirin. Ki narkar da giram 0.54 na FeCl3.6H2O a mililita 100, wato 0.02 mol a lita, ki ɗan ɗiga masa HCl marar ƙarfi har pH ya sauka ƙasa da 2, in ba haka ba zai yi jan laka maimakon launi. Ki zuba mililita 1 na uwar haɗinki a cikin mililita 9 na wannan. Sabon haɗi zai ba da launi kaɗan ko ya ƙi. Ki raba uwar haɗin kwalba biyu, ɗaya a firiji ɗaya a ɗaki, kullum ki maimaita gwajin. Cikin 'yan kwanaki za ki ga na ɗaki yana ƙara duhu fiye da na firiji. Kin nuna tasirin zafi a kan saurin haɗuwar sinadarai ke nan, da idon kowa.

Don ki mayar da launin lamba, ki farfasa asfirin gaba ɗaya. Ƙwaya uku ki dafa su a hankali na minti goma a cikin mililita 12 na NaOH mai mol 1 a lita da aka ƙara wa ruwa mililita 50. Mol ɗaya na asfirin yana cin mol biyu na NaOH, wato milimol 10, sauran kuma rara ce. Ki bar shi ya huce, ki tace, ki daidaita pH zuwa 6 da HCl, ki cika lita. Wannan salisilet ne mai 5 mM. Ki sirka shi ya ba da 1, 2, 3, 4 da 5 mM, ki yi wa kowanne gwajin FeCl3, kin samu tsanin launi da za ki gwada kowane samfuri da shi, ko da ido, ko da na'urar auna launi a wajen nanomita 530 in akwai, ko da hoton waya a gaban farar takarda cikin haske iri ɗaya. Daga nan wata tambaya mai daɗi ta buɗe: sabon asfirin da farfasasshe, wanne ya fi tasiri a kan waken? In za ki bi ta, ki tuna farfasasshen yana ɗauke da asetet shi ma, don haka sai kin ƙara rukunin da aka jiƙa a sodiyam asetet kaɗai. Ɗalibin da ya hango wannan da kansa, alƙali ba ya mantawa da shi.

Idan makarantarku tana da garin aga, wanda in an dafa shi a ruwa ya huce yake daskarewa, da farantan gwaji masu murfi, akwai wani aikin da ya fi wannan kyan gani, na jibarelin. Labarinsa ya faro ne daga gonakin shinkafa a Taiwan, inda a 1926 wani masani ɗan Japan, Eiichi Kurosawa, ya nuna cewa wani nau'in fumfuna ne yake fitar da sinadarin da ke sa shinkafa tsawo fiye da kima har ta faɗi. A cikin hatsi, idon tsiro ne yake aika jibarelin zuwa wani siririn bango da ke ƙarƙashin dusa, bangon ya fitar da enzayim ɗin amilez, amilez ya mayar da sitaci sukari. Irin aikin da tsiron hatsi ko dankali yake yi ke nan a kunun zaki, ya tsinka shi ya ƙara masa zaƙi. Sai ki yanke ƙwayar alkama ko sha'ir biyu a gicciye, ki yar da ɓarin da idon yake, ki wanke ɗayan da bilic kamar yadda na faɗa. Ki dafa aga giram 1.5 da sitaci mai narkewa giram 0.2 a mililita 100. Jibarelin da ake sayarwa ana kiransa GA3, nauyin mol ɗinsa giram 346.4, saboda haka giram 0.35 na tsantsarsa a lita ya ba da kusan 1 mM. Na shagon kayan noma ba tsantsa ba ne, ki duba kason da aka rubuta ki gyara lissafi. Ki fara narkar da shi a 'yan ɗigon etanol, ki yi ta sirkawa ɗaya cikin goma, ki zuba a agar bayan ta huce zuwa wajen digiri 45, domin zafi yana lalata shi. Ki kifa ɓarin hatsin a kan agar ta wajen yankan, bayan awa 48 ki cire su ki kwarara ruwan aidin. Farantin zai yi shuɗi mai duhu, sai inda amilez ya cinye sitaci ya bar da'ira fara, ki auna faɗinta. Matsalarsa tsabta: ƙwayoyin cuta da fumfuna su ma suna fitar da amilez, haka ma miyau, don haka ba a magana a kan buɗaɗɗen faranti, ba a taɓa hatsin da yatsa. Dawa ba ta amsa jibarelin a wannan gwaji kamar sha'ir, kada ki musanya.

Zogalen da kika ambata bai kamata a raina shi ba. Ana danganta tasirinsa da ziyatin, wani saitokainin da aka fara cirowa daga ɗanyar masara a 1963, kuma masu bincike da dama suna sirka ruwan ganyensa sau 30 kafin feshi. Wahalarsa ita ce ba ki san yawan ziyatin da ke cikin ruwanki ba, kuma ganyen cike yake da potasiyam da kalsiyam da sauran abincin tsiro. Idan tsiro ya yi kyau, taki ne ko zaburarwa? Hanyar rarrabewa ita ce ki auna ganye gida biyu daidai, ɗaya ki niƙa ki tace, ɗaya ki ƙona ya zama toka ki jiƙa tokar a ruwa daidai da na farko, ki daidaita pH tun da toka alkali ce. Wuta ta cinye saitokainin, ma'adinan sun saura, sai dai naitirojin shi ma ya tafi da hayaƙi, wannan kuma dole ki faɗe shi a rahoto. Gwajin da ya fi dacewa da saitokainin shi ne jinkirta rawayar ganye: ki huda ganyen wake da abin huda takarda, ki ɗora 'yan da'irorin a kan ruwan daban-daban cikin duhu na kwana huɗu ko biyar, ki ga wanne ya riƙe korensa. Aiki ne mai kyau, amma amsarsa ba ta kai ta asfirin tsabta ba.

Abu biyu ki nisanta. Na farko kabaid da wasu ke nunar da ayaba da mangwaro da shi: da ya taɓa ruwa yana fitar da iskar asetilin mai kamawa da wuta, yana kuma ɗauke da dattin arsenik da fosforos, kuma hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kansa. In kina son nuna aikin etilin, nunanniyar ayaba ɗaya a cikin leda tare da ɗanyen tumatir ta wadatar. Na biyu 2,4-D, wanda guba ne, kuma ɗan abin da iska ta kwasa yana iya nakasa tumatir ko audugar maƙwabci. Ko a aikin asfirin ma, NaOH da HCl da FeCl3 a gaban malami ake taɓa su, da tabarau na kariya da safar hannu. Bilic kuma kada ya haɗu da asid ko a wurin wanke kwalabe, domin suna fitar da iskar kulorin.

Lokacinki zai tafi kamar haka: mako ɗaya na neman kaya da amincewar malami, ɗaya na gwajin share fage, ɗaya na babban gwaji, ɗaya na maimaita shi gaba ɗaya da sabon haɗi, sauran na lissafi da allon nuni. Maimaicin nan ya fi ƙara wani sabon sinadari daraja nesa ba kusa ba. Ki sayi littafi mai ɗinki, ki rubuta komai da biro da kwanan wata, har robar da ta zube da wadda fumfuna ta ci. Kada ki yage shafi, kada ki cire lambar da ba ta yi miki daɗi ba. Mai yiwuwa ne ki ga 5 mM ya takure saiwa, 0.1 ko 0.5 ya ɗan taimaka a cikin gishiri. Mai yiwuwa ne kuma ki ga babu wani bambanci da ya wuce tazarar robobin, domin nau'in wake da zafin ɗaki da tsawon jiƙa duk suna da ta cewa. In haka ta faru, ki rubuta cewa a wannan nau'i, a waɗannan matakai, ba a ga tasiri ba, ki nuna lambobin, ki faɗi abin da za ki canja a gaba.

A allon nuni ki sa zane ɗaya babba mai ƙarfin asfirin a ƙasa da tsawon saiwa a gefe, na gishiri da na ruwa zalla kusa da juna, tare da hoton tsiron rana ta bakwai a jere a kan baƙar takarda da rula a gefensu. Kwalaben launin shunayya ki haɗa su sabbi da safiyar ranar, a rufe da kyau. Ki shirya amsa tambaya uku da bakinki ba tare da duba takarda ba: yadda ƙwaya uku suka zama 5 mM, dalilin daidaita pH, da dalilin ƙara ruwa zalla maimakon na gishiri. Tsiron da aka gama awo da shi kuma a binne shi, kada a ci, kada a zuba wa awaki.